Sharhi: Idan lauya ya makara, wa ke biya?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

A ce manomi ne aka kayar a babbar kotun jiha kan rikicin gona. Ya sayar da sa guda, ya biya lauya, aka ɗaukaka ƙara. Bayan shekara biyu ya shiga mota tun asuba don sauraron shari'arsa. Ana kiran ƙarar, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya yi magana ta minti uku, alƙalai suka duba kundi, suka ce an kori ƙara. Ko sunan gonar ba a ambata ba. Dalili? Lauyansa bai shigar da rubutattun hujjojinsa cikin lokaci ba.

Ga yadda abin yake. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya na 2021 sun ba mai ƙara kwana 45 daga ranar da kundin shari'ar da aka yi a kotun farko ya iso hannunsa ya shigar da hujjojinsa a rubuce. Wanda ake ƙara yana da kwana 30 ya mayar da martani. Idan lokaci ya ƙure, akwai ƙofa: lauya ya roƙi ƙarin lokaci, ya faɗi uzurinsa, ya biya tarar makara, kuma sau da yawa kotu kan amince. Amma idan ya yi barci har aka nemi a kori ƙarar saboda rashin bibiya, kotu ta kora, to an rufe. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa irin wannan kora hukunci ne na ƙarshe, kotun da ta yi shi ba ta da ikon dawo da ƙarar.

A shari'ar zaɓe ma ko wannan ƙofa babu. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba kotun zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Mutanen Borno ba su manta ba: a 2012 Kotun Ƙoli ta rufe ƙarar Mohammed Goni kan zaɓen Kashim Shettima a matsayin gwamna, ta ce kwanakin sun cika, ta kwatanta wa'adin da dutsen da ba ya gusawa.

Kada a ce ina sukar wa'adi. Mun ga zamanin da babu shi. Chris Ngige ya yi kusan shekara uku yana mulkin Anambra kafin kotu ta tabbatar a 2006 cewa Peter Obi ne ya ci zaɓen 2003. Kuma akwai masu ɗaukaka ƙara don kawai su hana wanda ya yi nasara cin moriyar hukunci, su ajiye takarda su tafi harkarsu. Waɗannan kora ta dace da su.

Inda nake da ja shi ne wanda bulalar ke sauka a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Manomin nan bai san kwana 45 ba, ba ya jin Turancin kotu, duk lokacin da ya buga waya sai a ce masa "ana kai, Alhaji". Gona ta tafi, sa ya tafi, lauya kuwa gobe yana wata kotun da rigarsa. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, amma mutumin ƙauye nawa ne ya san hanyarsa?

Ni a ganina, kafin a kori ƙara saboda makara, ya kamata kotu ta tabbatar sanarwa ta kai hannun mai ƙarar shi kansa, cikin harshen da yake ji. Idan kuma sakacin na lauya ne, a ɗora masa tarar daga aljihunsa. Kai kuma da ka ɗaukaka ƙara, tambayi lauyanka ranar da kundi ya iso hannunsa, ka ce ya nuna maka kwafin hujjojin da hatimin rajista a kai.