Wa Ya Ɗauki Muryar Iyayen Bagega?

Jama'a masu saurare, a watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa jihar Zamfara tun 2019. Aka yi ta murna, ana lissafin kuɗin shiga da ayyukan yi. Madalla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk wannan hayaniya da wuya ka ji an ambaci 2010, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Zinariya ta yi tsada, maza suka riƙa kwaso duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma daga rami zuwa cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai amai, sai jijjiga, sai suma. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ne suka fara lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka kuwa, wanda shi ma gubar ta shafa, sai a 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, saboda jan ƙafa wajen sakin kuɗi.

To, duk wannan daga ina muka san shi? Daga rahotannin baƙi, da Turanci, a intanet. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu a Dareta fa, ina muryarta? Me ta fara gani a jikin yaron? Wurin wa ta fara kai shi, me aka ce mata? Iska aka ce ko sanƙarau? Yaushe ta yarda cewa dutsen da ke ciyar da gidan shi ne ke cinye gidan? Wannan ilimi yana kan mutanen da tsufa da ciwo da 'yan bindiga ke ɗauke mana ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki muryarsu yanzu.

Na san abin da wasu za su ce: ƙaddara ce, a daina tono, a bar mutane da haƙurinsu. Haba malam! Annobar Amwas ta zamanin Sayyadina Umar ba ƙaddara ba ce? Da waɗanda suka gani ba su ba da labari ba, masu ruwaya suka adana, da ta yaya za mu san cewa Halifa ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah? Al'ummar da ta gaji isnadi, wato jerin masu ruwaya, ba ta da bakin cewa adana shaida baƙon abu ne.

Kuma mun riga mun ɗanɗana kuɗar mantuwa. A 2015, shekara biyar kacal bayan Zamfara, irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Sana'a ɗaya, ƙura ɗaya. Da a ce ana sa muryar iyayen Anka a rediyo, da harshensu, da kukansu, ina kyautata zaton wani magidancin zai yi tunani kafin ya shigo da buhun dutse gida. Rahoton Turanci mai shafi ɗari ba ya shiga kunnen mahaƙi. Maganar ɗan'uwansa ce ke shiga.

Je ka gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka nemi labarin yunwar 1914 da ake kira Kakalaba. Alƙalamin jami'an mulkin mallaka za ka tarar, masu damuwa da harajin da bai shigo ba. Waɗanda suka ci ganye suka rayu sun tafi da nasu labarin. Yau ga waya a aljihun kowa, kuma muna shirin sake yin wannan asara. Jirgin ruwan da ya nutse da mutane a Warra ta jihar Kebbi a 2021, da wanda ya kife a Gummi a 2024, waɗanda suka tsira suna nan da ransu. Su ma a ɗauki muryarsu yanzu.

Ban ce aikin ba shi da sarƙaƙiya ba. Hanyoyin Anka ba su da tsaro, kuma ba kowace uwa ke son a fama mata gyambo ba. Wadda ta ƙi, a ƙyale ta. Matan kulle mata 'yan'uwansu ne za su zauna da su, wanda ya nemi a sakaya sunansa a sakaya. A bar maganar da Zamfarcinta, kada wani ya gyara ta. A rubuta ƙauye da rana, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, don gara da gobara da satar kwamfuta ba sa sallama. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau cike da ɗalibai masu neman abin bincike, ga gidajen rediyo, ga masarautun Anka da Bukkuyum.

Yaran da suka sha wannan guba suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu da lalurar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa. Kafin a miƙa wa kamfani na gaba lasisin haƙa, gwamnatin jiha ta ware kuɗin wannan aiki a kasafinta, a tura masu ɗaukar murya Bagega. Ba kwamiti muke nema ba, kwamitoci sun ishe mu.