Batir Ne, Altaneta Ce, Ko Akwai Ɓarawon Wuta?

Assalamu alaikum jama'a. Mota ta kwana lafiya lau, da safe ka murɗa makulli sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suna lumshewa. Abin da zai fara zuwa ranka shi ne batir ya mutu, a je a sayo sabo. To, dakata tukuna. Da yawa sun sayi sabon batir, ba a rufa sati biyu ba shi ma ya kwanta, domin tun farko ba shi ne mai laifin ba.

Babban aikin batir shi ne tada inji. Da zarar mota ta tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin fitilu da rediyo da komai, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Ka ɗauka batir randa ce. In ta wayi gari ba ruwa, ko dai ta tsage, ko mai zuba ruwan ya daina zuwa, ko kuma wani yana ɗiba cikin dare. Mita ce za ta raba gardama, irin ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo.

Juya ta zuwa DC, kan lamba 20. Jar waya a kan batir mai alamar +, baƙa a mai alamar −. Amma ka bari motar ta huta awanni a kashe kafin ka auna, in ba haka ba mita za ta nuna maka ƙarfin da babu shi. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6. In ka ga 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Yanzu ka sa wani ya tada motar, kai idonka na kan mita. Lambar za ta sauka, wannan ba komai. Amma in batir ya sha caji ya ƙoshi, kuma duk da haka ya faɗo ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa, to ya gaji. Zafin ƙasarmu ma ba ya barin batir ya yi tsawon rai.

Mota ta tashi? Kar ka cire mita. Lafiyayyar altaneta za ta ɗaga lambar zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna manyan fitilu, kunna na'urar sanyi, ka ɗan taka totur. Ya kamata ta tsaya sama da 13. In tana nan a sha biyu da ɗoriya tana gangarowa, batir kaɗai ke riƙe da motar, ba da jimawa ba za ta mutu maka a tsakiyar titi. In kuma ta haura 15, cajin ya yi yawa, regileta, wato abin da ke daidaita cajin altaneta, ta lalace. Shi ne za ka ga batir na kumbura, ruwansa na ƙonewa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Kafin a sauke altaneta, duba abubuwa biyu da ba sa cin kuɗi. Fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta: in ya saki ko ya tsattsage, zai riƙa zamewa, har ka ji ƙara tsiiii da sanyin safiya. Sai kan batir. Wannan farin garin da ke taruwa a kansa yana tare wuta. Cire, wanke da ruwan zafi, goge da burushin waya, ɗaure tamau. In kuma altanetar ce, sau da yawa kabon ɗin da ke cikinta ne ya cinye ko regileta ta lalace, mai rewaya zai canza ba sai an sayi wata ba.

Ga wani abu da nake roƙonku da girman Allah ku daina bari a yi muku. Wai a cire kan batir mota na aiki, in ba ta mutu ba altaneta na caji. Wannan dabarar tsofaffin motoci ce. Batir ne ke danne hawa da saukar wuta. Ka cire shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Gwajin da mita za ta yi cikin minti ɗaya ne.

To, batir lafiya, altaneta lafiya, amma mota ta kwana biyu a ajiye sai an tura? Akwai ɓarawo. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Mayar da jar wayar mita ramin 10A, juya mitar ita ma zuwa 10A, cire kan batir na −, ka sa mita tsakaninsa da batir. Kar ka kuskura ka tada mota a haka, mita za ta ƙone. Jira kamar minti 30, domin kwamfutocin motocin zamani ba sa yin barci nan take. Abin da ya dace ka gani shi ne amp 0.05 ko ƙasa da haka, na agogo da ƙwaƙwalwar rediyo. In ka ga 0.3 ko 0.5, fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, kana mayarwa. Wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ɓarawon yake. Yawanci kayan da aka ƙara daga baya ne: tiraka mai nuna inda mota take, amfilifaya, rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir. Ko fitilar but da ba ta mutuwa. Jefa wayarka ciki tana ɗaukar bidiyo, ka rufe, za ka gani.

In ka gama zare fiyus duka lambar ba ta motsa ba, koma kan altaneta. Diyod ɗinta, masu hana wuta komawa baya, in ɗaya ya ƙone, da rana za ta yi caji kamar ba komai, da dare kuma wuta ta riƙa komawa ta cikinta. Cire kan batir tukuna, kwance babbar wayar da ke bayanta, naɗe bakin da tef, ka sake aunawa. In lambar ta faɗi, kai ta wurin mai rewaya ya canza diyod.