Kumfar da ke taruwa a tankin kifi

Jama'a, duk mai kiwon tarwaɗa a Birnin Kebbi, Argungu ko Yawuri ya taɓa fitowa da sassafe ya tarar da farar kumfa ta taru a kusurwar tanki, daidai inda ruwa ke zubowa, ta kuma ƙi bajewa.

Ruwa mai tsabta ba ya riƙe kumfa. Ku zuba ruwan rijiya a gora ku girgiza, za ku ga ta mutu nan take. Abin da ke tsayar da ita shi ne furotin da ya narke a ruwan, wanda ke fitowa daga ragowar abinci, da kashin kifi, da yauƙin jikinsu. Abincin tarwaɗa na buhu kan ƙunshi furotin kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari, don haka duk ƙwayar da ta nutse ba a ci ba tana ƙara wa ruwan nauyi. Shi furotin ɗin yana da gefen da ke son ruwa da gefen da ke gudunsa, sai ya manne a jikin ƙwayar iska ya yi mata riga, kamar yadda madara ke kumfa a ƙwarya lokacin tatsa.

Da wannan ɗabi'a na'urar kwashe kumfa take aiki. Dogon bututu ne da ake hura ƙananan ƙwayoyin iska a cikinsa, su kwashi dattin su hau sama, kumfar ta zube a wani kofi ta koma baƙin ruwa mai ɗoyi, tun kafin dattin ya ruɓe ya zama amoniya, wato gubar da ke cutar da kifi.

Sai dai a ruwan teku ta fi aiki, inda kowace lita ke ɗauke da gishiri kusan giram 35, wanda ke hana ƙwayoyin iska haɗewa. A ruwan daɗi irin namu, ƙwayoyin sukan haɗe su girma su fashe da wuri, shi ya sa ba ta tsinana wa ƙaramin gidan kifi na gilashi wani abin kirki. Takan yi amfani ne a tafkin da kifi ya yi cunkoso, amma ko a can ba ta cire amoniyar da ta riga ta samu.

Abin da ya fi damuna shi ne tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, saboda haka takan jure ƙazamin ruwa ta ɓoye wa mai ita matsalar, musamman a zafin Afrilu da ruwa ke riƙe iska kaɗan. Idan kumfa ta daɗe, ku fara tabbatarwa ba sabulu ne ya shiga ta bokiti ko raga ba. Sannan ku rage abinci, ku zuƙe dattin ƙasa, ku sauya wani kaso na ruwan, wanda kuka fitar kuma ku kai shi lambu.