Yadda Kumbo Ke Ɗauko Hoton Watannin Wasu Duniyoyi

Assalamu alaikum jama'a. Mu a Sakkwato maganar wata ba baƙuwarmu ba ce, duk ƙarshen Sha'aban ƙasar nan kan kasa kunne ta ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. To amma yau ba watanmu za mu duba ba. Wannan farin dunƙulen da kuke gani a allo sunansa Enceladus, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, kuma kumbon Cassini ne ya ɗauko shi. Kumbon ya tashi a 1997, bai isa can ba sai 2004.

Abin da zai ba ku mamaki, kyamarar Cassini megafiksel 1 ce kacal, kuma baƙi da fari take gani. Launin fa? A gaban idonta akwai faifai mai juyawa ɗauke da gilasai kala-kala. Sai ta ɗauki wuri guda sau uku, ta jan gilashi, ta kore, ta shuɗi, a nan duniya a ɗora su kan juna, launi ya fito.

Babbar matsalar ita ce haske. Hasken rana a Saturn kusan kashi 1 ne cikin 100 na wanda ke dukanmu a nan, a Neptune kuwa kusan 1 cikin 900. Dole a bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana tara haske, alhali kumbon na sheƙa gudun kilomita da yawa a kowace daƙiƙa. Ku gwada ɗaukar hoton gate ɗin wani gida da magariba kuna bayan ɗan kabu-kabu, za ku ga yadda komai ke dagulewa. Da kumbon Voyager 2 ya ratsa ta kusa da Triton, watan Neptune, a Agustan 1989, dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce su riƙa karkata kumbon a hankali daidai da gudunsa, ta yadda kyamarar za ta kafe ido a wuri ɗaya har ta gama. Kuma babu mai riƙe da linzami a lokacin. Saƙo daga nan zuwa Neptune ya fi awa 4 a hanya, don haka tun da wuri ake rubuta wa kwamfutar kumbon lokacin juyawa da lokacin ɗauka. In lissafi ya kuskure, sai a samu hoton duhu zalla, kuma Voyager ba ya dawowa baya.

Ni a ganina wajen zaɓen inuwa gwanintar take. In rana na tsaka a kan wuri, tudu da kwari duk ɗaya suke a hoto. Shi ya sa masana ke son bakin iyakar dare da rana, inda inuwa ke miƙewa, daga tsawonta su lissafa tsayin dutse ko zurfin rami. Wani lokaci ma sai a sa rana ta kasance bayan watan. Da haka Cassini ya nuna tururin ruwa da ƙanƙara na feshi daga kudancin Enceladus a 2005.

Titan kuwa, babban watan Saturn, hazo ya lulluɓe shi ruf. Sai da aka yi amfani da hasken da idon mutum ba ya gani, da kuma rada, kafin aka leƙa ƙasansa. A ranar 14 ga Janairun 2005 ƙaramar na'urar Huygens ta sauka a kansa da lema, ta aiko hoton fili mai tsakuwoyi mulmulallu.

Saura aikowa gida. Kowane ɗigo na hoto lamba ce, ana turo ta ta rediyo, manyan faya-fayen kama saƙo masu faɗin mita 70 a Goldstone ta Amurka, da kusa da Madrid da Canberra su kama. Kumbon Galileo da aka tura Jupiter babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa a 1991, dole aka koya wa kwamfutarsa matse hotuna tana turowa ta ƙaramar eriya kaɗan-kaɗan. Da yawa daga hotunan Europa, watan Jupiter, na kusa da muke da su ta nan suka iso. Kumbon Europa Clipper, wanda ya tashi a Oktoban 2024, ana sa ran isarsa Jupiter a 2030 domin ya sake ɗauko watan dalla-dalla.