Darasin Kiwo: Allurar Dexa, Amfaninta da Ɓarnarta

Assalamu alaikum makiyaya da masu turka rago a gida. Yau maganarmu a kan dexamethasone ce, wadda kowa ke kira dexa, 'yar kwalbar nan da ake samu a rumfunan magani ranar kasuwar Wudil ko Maigatari.

Dexa ba ta kashe ƙwayar cuta, ko ɗaya. Aikinta kwantar da kumburi da raɗaɗi. Dabba ta kumbura bayan allura ko harbin zuma, ko gaɓa ta kumbura ba rauni a kai, to nan ne gurbinta. Amma tana danne garkuwar jiki. Shi ya sa saniya mai ciwon huhu in aka yi mata dexa kaɗai, sai ta miƙe ta ci harawa kwana biyu, mai ita ya yi murna, alhali cutar na cin ta a ɓoye. In akwai ƙwayar cuta, dole a haɗa da maganin kashe ta, kamar oxytetracycline.

Awo kuwa, ku duba jikin kwalba tukuna. In an rubuta 2 mg a kowane mil, abin da aka saba shi ne mil 1.5 ga kowane kilo 50, a cikin tsoka. Bijimi mai kilo 300 mil 9 ke nan. Akuya mai kilo 25 ko mil ɗaya ba ta kai ba. Kada a cika sirinji don an ga dabba ta galabaita.

To, ga inda nake so ku kasa kunne. Kafin ka zuƙo maganin, malam, ka tabbata dabbar ba ta da ciki. Saniyar da cikinta ya wuce wata shida, ko tunkiya da akuya a makonni shida na ƙarshe, dexa na iya sa su ɓari ko haihuwa lokaci bai yi ba. Saniyar da ta kusa, cikin kwana biyu zuwa uku sai ka ga ɗan maraƙi a ƙasa, mabiyiya ta maƙale, mahaifa ta fara wari. Wasu kwalaben maganin ƙwayar cuta ma an gauraya su da dexa a ciki, don haka a karanta ko a nemi mai karantawa.

Ido mai gyambo ba a sa masa, yana iya fashewa. Ba a haɗa ta da maganin raɗaɗi irin su diclofenac, gyambon ciki ke biyo baya. Ba a yin ta kusa da lokacin allurar rigakafi. Doki kuma tana iya taɓa masa kofato.

Masu yi wa ragon layya ita don ya yi ƙiba, don Allah a bari. Cin abinci da shan ruwa take ƙarawa, in aka daɗe kuma naman jikin take zaftarewa, ranar da aka tsayar farat ɗaya rago ya zube.

Nono yakan ragu na ɗan lokaci. Kwanakin jira kafin yanka ko kai nono kasuwa suna rubuce a kwalba, a cika su, in ba a gane ba a tambayi malamin dabbobi.