Daga Damagaram Zuwa Busuwa: Karanta Teku Kafin Ka Ɗaure Kaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kai ƙane, sauko da wayar kaɗan, bango kake ɗauka ba ni ba. Yauwa, tsaya nan.

To ga mu a tsakar gidanmu a nan Birni. Kuna ganin yadda gari ya yi fari fat, hazo ya rufe, ko duwatsun bayan gida ba a hange. Kada ku zagi ƙurar nan tukuna, za mu dawo kanta, tana da amfani a maganarmu ta yau.

Tun da na sa bidiyon da nake bisa allo a cikin teku tambayoyi suke ta shigowa. Wasu dariya suke yi, wai mutumin Zinder da ke jiran mai garuwa kafin ya yi wanka shi ne zai koya wa mutane hawan raƙuman ruwa. Na ji, na kuma yi dariyar tare da ku. Amma shekara huɗu na yi a Takoradi ina harkar albasa, kuma duk ranar da babu mota mai saukewa ina bakin ruwa a Busuwa. Yau karanta teku da shirin tafiya za mu yi, ba miƙewa bisa allo ba, wannan na nuna a baya, kuma na ɗauka mai kallo ya iya ninƙaya. In ba ka iya ba, rufe bidiyon nan ka je ka koya tukun. Ninƙayar tafki da damina ma rabin iyawa ce.

Busuwa ƙauyen masunta ne a yammacin Gana, kamar kilomita 30 bayan Takoradi. Ƙasan ruwan rairayi ne zalla, shi ya sa nake tura sabon hannu can. In ka faɗi, yashi za ka ci, ba dutse ba. Sai dai yashi ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya san hanyar Gure ya san tudun rairayin da ka bari bara, bana ya matsa. Haka yake a ƙarƙashin teku. Raƙumin ruwa yana tahowa daga zurfi, sai ya tarar da tudun yashi, ƙasansa ya ja baya, samansa ya kife gaba. Wannan kifewar ita muke hawa. Tudun ya matsa, wurin kifewa ya matsa. Don haka in wani ya ce maka "gaban bishiyar kwakwa ta uku ne wuri mai kyau", tambaye shi wace shekara ya je.

Yanzu buɗe manhajarka ta hasashen iska da raƙuman ruwa. Ni Windy nake amfani da ita, wasu Surfline, wasu Windguru, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Rubuta Busua, da yadda Turawa ke rubutawa, ba Busuwa irin tamu ba. Ƙane, matso su ga allon wayar. A'a, hasken yana kashewa, juya bayanka ga rana. To.

Lamba ta farko tsayin ruwa, mita kaza. Kowa ita yake kallo, kuma ita ce mai ruɗi. Ta kusa da ita, mai ƙaramin harafin s, ita ce uwa. Tazara ce, wato sakan nawa ne tsakanin raƙumi da mai bin sa. In ka ga sakan 6 ko 7, iskar kusa ce ta dama ruwan, za ka tarar da shi kamar ana kaɗa fura, babu tsari. In ka ga 12, 13, 14, to wannan baƙo ne daga nesa. Guguwa ce ta tashi can ƙarshen kudancin Atalantika, raƙuman suka yi kwanaki suna tafiya, ƙananan suka mutu a hanya, manyan suka jeru kamar ayari. Mita ɗaya mai sakan 13 ya fi mita ɗaya da rabi mai sakan 7 ƙarfi da kyau, nesa ba kusa ba. Sabon hannu, mita ɗaya ko ƙasa da haka ya ishe ka. Kada girman kai ya kai ka.

Sai iska. Nan ne na sha wahala wata da watanni, don haka ku yi haƙuri zan ja maganar. Ana kiran iska da sunan inda ta fito, ba inda za ta ba. In an ce iskar arewa, daga arewa ta taso tana zuwa kudu. Amma kibiyar da ke yawo bisa taswira tana nuna inda ta dosa. Ka ga abu biyu ke nan masu kama da saɓani, alhali magana ɗaya suke yi. Ni da farko in na ga an rubuta SW sai in ce madalla, iska za ta tafi kudu maso yamma, wato cikin teku. Ashe daga can take zuwa, a fuskata. Gaɓar Gana kudu take kallo. Ka tsaya a bakin ruwa kana fuskantar teku, arewa na bayanka. Iskar da ta bugi ƙeyarka, iskar tudu ce, ita ke tallabe raƙumi ya tsaya sumul kafin ya kife. Wadda ta bugi goshinka, iskar teku ce, tana tura shi ya rushe tun bai shirya ba. Ƙeya alheri, goshi wahala. Haddace shi haka kawai.

Kuma ka duba ma'aunin. Wasu manhajojin suna zuwa da kt, ma'aunin ƴan jirgin ruwa, ɗaya ɗinsa kusan kilomita biyu ne a awa. Ka ga 8 ka ce babu iska, ashe kusan 15 ce. Shiga saiti ka mayar da shi kilomita. Ƙasa da 10... bari in gyara, ƙasa da kilomita 10 a awa, ko daga ina take ba ta ɓata komai.

To ga ƙurarmu. Wannan iskar hunturun da ke fasa mana leɓe daga Disamba zuwa Fabrairu, ba a nan take tsayawa ba. Tana ratsa Najeriya da Burkina ta sauka har gaɓar Gana, ta gaji dai, amma tana isa, kuma daga ɓangaren tudu take shigowa. Ran da na fara ganin hazo bisa teku, rana ta fito ja kamar a Garin Malam, ruwa kuma ya kwanta kamar an goge shi, sai da na ji kewar gida. A lokacin raƙuma ƙanana ne, masu tsabta, ruwa da ɗumi. Shi ne lokacin mai koyo. Daga Afrilu zuwa Satumba ko Oktoba kuwa, lokacin sanyin kudancin duniya ne, guguwa ta yi yawa can, raƙuma su yi girma. Na gwanaye ke nan. Amma yammacin Gana wurin ruwan sama ne, Mayu da Yuni sai a hankali, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku yana tasowa, za ka shiga ka ji sanyi har haƙora. In an yi ruwa mai yawa, ka bar bakin rafi kwana ɗaya ko biyu, duk dattin gari nan yake fitowa.

Ko da wane wata ne, ka fita da sassafe. Ka yi asuba, ka sha koko, ka tafi. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska sai ta juyo daga teku, kafin azahar an gama.

Saura cikowa da janyewa. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Kullum yana ƙara jinkirin kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, kuma nan mu muka fi Turawa sauƙi, domin lissafin wata a kanmu yake. Tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, da kwana ɗaya ko biyu bayansu, cikowa ta fi yawa, janyewa ta fi nisa, ruwa yana gudu da ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, bambancin kaɗan ne. A Gana duka-duka bai kai mita biyu ba, amma a kan yashi ko rabin mita yana sauya komai. In ya janye ƙarshe, raƙumi yakan kife gaba ɗaya kamar an saki labule, babu gefen da za ka bi. In ya cika ƙarshe, sai ya zo har bakin gaɓa kafin ya faɗi, ya maka ka da ƙasa. Ni tsakiya nake so, yana cikin hawa, kamar awa biyu zuwa uku kafin ya cika. Ra'ayina ne, wani zai ce maka daban.

Af, agogo! Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Ƙarfe bakwai a Zinder, shida ne a Takoradi. Satina na farko wayata na kan lokacin Nijar, na hana ta sauyawa da kanta, jadawalin cikowar teku kuma na Gana ne. Kullum ina zuwa kafin lokaci ina zaune ina zargin manhaja da ƙarya. Wani yaro mai ba da hayar allo ne ya kalli wayar ya fashe da dariya.

Yanzu abin da ke kashe mutane. Duk ruwan da raƙuma suka turo gaɓa sai ya koma, kuma yakan haƙa wa kansa hanya tsakanin tudun yashi biyu, korama ce a cikin teku mai gudu zuwa zurfi. Muguntarta ita ce ta fi ko'ina kyan gani. Dama da hagu fari na kumfa, ita kuwa duhu-duhu, shiru, kamar tana cewa zo nan. Baƙo can yake nufa. Ni ma can na nufa. Kan ka ce kwabo mutanen gaɓa sun koma kamar tururuwa, ina ta tuƙi da hannu ina komawa baya. Ba ƙasa take jan mutum ba, waje take kai shi, gajiya ce ke nutsar da shi. In ta ɗauke ka, kada ka saki allo, kada ka yi kokawa da ita. Tuƙa a gicciye, gefe, wajen da kumfa yake, ba ta da faɗi sosai. In ka gaji, kwanta bisa allo ka ɗaga hannu. Gwanaye ma da gangan suke shiga ta ta fitar da su kyauta, amma wannan ba naka ba ne yanzu. Kafin ka jiƙa ƙafa, zauna minti 15 ka kalla, ka tambayi ƴan gari. Kuma igiyar da ke ɗaure ƙafarka da allo, ni dabaibayi nake ce mata, ka duba ta kowace safiya. Ka nisanci kwalekwalen masunta da igiyoyin komarsu, wurin cin abincinsu ne kafin ya zama wurin wasanka. Ran Talata a garuruwa da yawa na gaɓar ba su fita kamun kifi, ruwa sai ya zama fili.

Sai tafiya. Ga abin da nake so ku riƙe: ɗan Akra yana iya duba waya yau ya tafi gobe. Mu ba mu da wannan gatan. Hasashen manhaja bayan kwana huɗu ko biyar ya zama kame-kame, hanyarmu kuwa ita kanta ta kai haka. Don haka kai da yanayi da wata za ka yi shiri, ba da hasashe ba. Zaɓi watanka, ka ware aƙalla kwana goma a can. A cikin goma ba za ka rasa safiya huɗu masu kyau ba, in Allah ya yarda.

Hanyar da na bi zuwan ƙarshe: Matamai, Ɗan Barto, Daura, Kano, kusan kilomita 240. Kano zuwa Legas kusan 1000. Daga nan bakin teku za ka bi, Kwatano, Lome, ka shiga Gana ta Aflawo, iyaka uku ke nan a jere. Akra zuwa Takoradi kamar 220, sai ƙaramar mota zuwa Agona Nkwanta, sai tasi zuwa Busuwa. Satin da za ka tashi ka je tasha ka ji ta bakin direbobi, maganar iyaka yanzu kullum da sabon labari. Fasfo, da katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara, kada ka sa su a jakar da za a ɗaure bisa mota. Kuɗi iri uku za ka taɓa, sefa, naira, sidi. Kada ka canza da yawa a bakin iyaka. Zango kuwa akwai a Takoradi, za ka ji Hausa, za ka sami masallaci da tuwo.

Allo? Kada ka ɗauka. Ƙane, nuna musu wancan da ke jingine a zaure. Kun ga hancin? Bisa kan kar, wato babbar motar fasinja, aka ɗaure shi, aka ɗora buhuna a kai, ba zan faɗi kamfanin ba. Ku yi haya a can, mai laushi, mai tsawon ƙafa takwas. In kana da naka dole, cire fikafikan ƙasa, naɗe hanci da wutsiya da bargo. Kakin da ake goga wa allo don kada ƙafa ta zame kuma, na ruwan ɗumi za ka saya, na ƙasashen sanyi narkewa yake yi ya zama man shanu.

Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne wannan, jakar waya ta roba da ruwa ba ya shiga. Na kawo ƴan kaɗan, akwai baƙa akwai shuɗiya, kuɗinta jaka biyu-biyu, in ka ɗauki biyu mu daidaita. Gwada ta da takarda a cikin bokiti kafin ka amince mata da wayarka, ko tawa ce. Da riga mai dogon hannu, domin kakin allo yana cin ƙirji, kwana biyu ka kasa kwanciya rub da ciki. Da gidan sauro. Da kilishi, can za ka san darajarsa.

Me ka ce? Saura kashi uku? To kashe kafin ta mutu da kanta. Wanda ya tambayi yadda ake ratsa kumfa da babban allo, sati mai zuwa ne, zan shimfiɗa tabarma a nan in nuna. Sai an jima.