Wayar Hajiya da Ɗan Kwaɗon Burauza

Ummi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanku da warhaka daga nan birnin Kano. Yau Yaya Habu da ƙorafi ya shigo.

Habu: Wayar Hajiyarmu ce. Jiya bayan la'asar ta miƙo min ita, wai tun safe wayar take ta faɗa mata cutar "virus" ta shige ta. Saƙo kan saƙo, da jan rubutu. Har ta ƙulle kuɗin mota za ta aiki yaro kasuwar waya ta Farm Centre.

Baffa: Lafiyar wayar ƙalau. Wani shafi ne ya nemi izinin turo sanarwa, jikoki suna sauri su kalli ƙwallo suka danna "Allow". Shiga saitin Chrome, wato burauzar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ka nemi wajen izinin shafuka, ka buɗe sanarwa, duk sunan da ba ka sani ba ka toshe shi. Ko shayi ba zai huce ba ka gama.

Ummi: Ni kam Baffa, da na ga ɗan kwaɗon nan a gefen adireshin shafi hankalina ya kwanta.

Baffa: Af, 'yata, ke ma kin faɗa. Abin da kwaɗon yake nufi kawai, an rufe hanyar da ke tsakaninki da shafin, na tsakiya ba zai leƙa abin da kika rubuta ba. Amma wane ne a ɗaya bakin? Ɗan damfara ma kyauta yake samun HTTPS, wato wannan rufin hanyar da kwaɗon yake nunawa. Shi ya sa a 2023 Google ya cire kwaɗon daga Chrome, don mutane sun ɗauke shi shaidar amana. Ki karanta sunan shafin harafi bayan harafi. Harafi ɗaya suke sauyawa a sunan banki, su zauna jiran lambar katinki.

Habu: To, Incognito fa, wato shiga a ɓoye na Chrome?

Baffa: Ƙanenka yake ɓoye wa inda ka shiga. Kamfanin layinka yana gani.

Ummi: Subhanallahi.

Baffa: Ni abin da ya fi ci min rai shi ne ƙin sabunta burauza, wai kar data ta ƙare. Kafofin da ɓarayi suka gano ake toshewa da sabuntawar nan. Mutum zai kwana yana kallon bidiyo, amma wannan ya ce tsada.

Habu: Da ni kake, Baffa.

Baffa: Miƙo wayar tukuna mu gani.